Barista Sashe da Ma'aikatan Gidan Biskit

Duk wanda bai ga Barista Morakinyo Fadairo yana shigowa ofis da safe ba, to bai ga lauya ba tukuna. Lif zai buɗe a hawa na goma sha ɗaya, ƙamshin turare ya fara fitowa, sai jaka, sai takalmi mai sheƙi, can daga baya sai ga mutumin da kansa. Yakan ɗan dakata a bakin ƙofa don jama'a su gama kallo. Yawanci jama'ar ni ne da injin ruwan sha.

Shekarata goma sha tara ina kula da ɗakin fayil a wannan kamfanin lauyoyi na Victoria Island, shi ya sa kowa ke ce mini Baba Fayil. Na ga ƙananan lauyoyi iri-iri. Wasu da tsoro suke zuwa, wasu da yunwa. Amma ban taɓa ganin wanda ya zo da cikakken imani cewa kamfanin ne ya yi sa'ar samunsa ba sai Morakinyo. Shekararsa ashirin da shida. Wata biyar da rabi ke nan da aka ɗauke shi a sashen shari'ar ƙwadago, inda muke tsaya wa masu kamfanoni idan sun sami saɓani da ma'aikatansu. Lauyoyi tamanin ne a gidan, kuma in aka jera su daga sama zuwa ƙasa, shi ne na tamanin. A ganinsa dai, an fara ƙirgar ne daga ɓangaren da bai dace ba.

Masu shara ne suka raɗa masa suna Barista Sashe, don ko gaisuwa ba ya iya amsawa sai ya haɗa da sashen doka. Wata rana matar da ke sayar mana da amala a ƙasan bene ta ce ba za ta fito ranar Juma'a ba, tana da biki a Abeokuta. Bawan Allah ya tsayar da ita minti ashirin yana fayyace mata bambancin hutun shekara da hutun uzuri. Matar ta saurara har ya dire, sannan ta ce, "To Barista, nama ɗaya ko biyu?"

Manyan ayyukan da ke wuyansa kuwa ba sa misaltuwa. Shi ke duba ko lambobin shafi sun bi juna. Shi ke tsayuwa a kan injin fotokofi har ya gama tari. In an ɗage zama a kotun ma'aikata ta Ikoyi, shi ake turawa ya karɓo sabuwar rana, ya dawo yana gyara wuyan riga yana cewa, "Yau na bayyana a gaban mai shari'a." Kuma ba ƙarya ya yi ba, ya bayyana. Mai shari'a ma ya gan shi, har ya yi masa magana. Cewa ya yi ya matsa gefe, yana tare fanka.

Kada a ce na zalunce shi. Yaron ya san doka, ya kuma sha karatu. Ina son shi ma, yadda ake son zakaran gida duk da cika kunnen da yake yi. Matsalarsa ɗaya ce, ilmin ya cika masa ciki ya rasa inda zai juye shi, don a gidanmu ba a tambayar na tamanin ra'ayinsa.

Abin da ke gabansa shi ne takardar tabbatar da aiki. A wurinmu sabon lauya wata shida yake yi na gwaji, in sun cika shugabar sashensa ta sa hannu ya zama ɗan gida, ko kuma ta ƙi. Saura mako biyu nasa su cika, kuma hannun Madam Ilesanmi ake jira, matar da ba ta taɓa ɗaga murya ba a shekara goma sha tara, ba ta kuma taɓa buƙatar ɗagawa ba. Mahaifiyarsa a Ijebu-Ode har ta kama ranar addu'ar godiya a coci, Lahadin da ke biye da cikar gwajin, ta gayyaci dangi.

"Takardar nan ai cika al'ada ce kawai, Baba Fayil," in ji shi. "Gida irin wannan ba ya sakin kadara irina."

Na ce haka ne. Sau uku a rana nake ganinsa yana leƙa akwatin wasiƙunsa.

Ana cikin haka sai ga aikin Ikorodu. Akwai wani kamfanin biskit a can da muka yi shekara goma sha huɗu muna yi wa aiki. Mun rubuta musu sabon littafin ƙa'idojin ma'aikata, ana neman wanda zai kai, ya raba, ya karɓo sa hannun kowa. Da manyan lauyoyi suka tuna gosulo, wato cunkoson motoci, na hanyar Ikorodu, nan take kowa ya gano yana da zama a kotu. Madam ta kira Morakinyo, ina tsaye da fayil a hannu.

"Ka raba musu. Ka karanta shafi na ɗaya zuwa na uku. Su sa hannu, ka dawo. Kada ka amsa tambaya. Mai tambaya ya rubuto."

"An gama, Ma."

Yana fitowa ya sanar da duk wanda ya ci karo da shi cewa an zaɓe shi ya jagoranci tawaga zuwa masana'anta. Tawagar ni ne da kwali huɗu.

Mun isa da hantsi. An tara mana ma'aikata wajen ɗari uku a ɗakin cin abinci, kowa da hular raga a kai, ƙamshin sukari da man shanu ya cika ko'ina. Shugaban sashen ma'aikata, Mista Udofia, ya gabatar da mu, ya miƙa wa Barista makirfo. Mista Udofia bai kai ga zama ba aka zo aka raɗa masa cewa motar fulawa ta daki ƙofar shiga. Ya ce minti biyar, ya fita da gudu.

Barista ya buɗe shafi na ɗaya ya fara karatu da muryar da ya yi ta gwadawa a mota tun daga gada. Ba wanda ya ɗago. Wasu na hamma, wasu na latsa waya, wani a layin gaba ya jingina da bango har ya fara munshari. Na ga abin ya sosa masa rai. Ya kai shafi na uku da ƙyar, ya ce a fara sa hannu.

Sai wata mata ta ɗaga hannu daga tsakiya. Ƙaƙƙarfa ce, ta haura hamsin, ga tabon ƙuna a damtsenta. Iya Rofiat suke ce mata, ita ke kan tanderu na uku.

"Barista, ɗana, tambaya gare ni ƙarama. Shekarata shida a gidan nan, har yau ofis cewa suke ni 'yar gwaji ce. Gwajin nan yana ƙarewa kuwa, ko sai a lahira za a ba mu sakamako?"

Ɗakin ya kwashe da dariya, sannan ya yi tsit. Na yi tari. Na ƙara yin tari har maƙogwarona ya yi zafi. Barista ya dube ni, ya dubi makirfo, ya dubi fuskoki ɗari uku da suka zuba masa ido. Wata biyar da rabi yana gidanmu ba wanda ya taɓa yi masa tambayar doka, yau ga mutum ɗari uku sun kasa kunne. Tun a nan na san an gama da mu.

Ya rufe littafin a hankali. Ya cire kwat ya miƙo mini.

"Uwata," ya ce, "Allah ya kawo ki inda ya dace. Wasu lauyoyin sai sun koma ofis sun buɗe littafi. Ni littafin a kaina yake. Sashe na bakwai na dokar ƙwadago ya ce kafin ma'aikaci ya wuce wata uku a bakin aiki, wajibi ne a ba shi takarda mai ɗauke da sharuɗɗan aikinsa. An ba ki?"

"Ko ta naɗe ƙosai ba a ba ni ba."

"Jama'a ku shaida! Sannan kotuna sun sha faɗa cewa in lokacin gwaji ya wuce, mai kamfani ya yi shiru ya ci gaba da sa mutum aiki, to shirun nan nasa kamar ya sa hannu ne. Uwata, kin daɗe da zama cikakkiyar ma'aikaciya. Sanar da ke ne kawai ba a yi ba, kuma yau ni, Morakinyo Fadairo, na sanar da ke!"

Wai tafi! Mai munshari ya farka yana tafi bai san dalili ba. Wata ta rangaɗa guɗa. Na ga kan Barista yana kumbura a gaban idona.

Daga nan hannuwa suka tashi ta ko'ina. Wannan ya tambayi hutun shekara, Barista ya zuba. Waccan ta tambayi hutun haihuwa, ya zuba. Wani ya tambaya ko za a iya korarsu in suka kafa ƙungiya, Barista ya hau kan benci don na baya su gan shi da kyau, ya zuba. Wayoyi sun fi hamsin a sama suna ɗauka, shi kuwa yana juya musu ɓangaren fuskarsa da ya fi so. Da abin ya yi daɗi sai ya ɗauko littafinmu, wanda muka sha gosulo muka kawo, ya ɗaga sama.

"Ku buɗe shafi na goma sha bakwai. Kun ga wannan sakin layi da ya ce za a iya sallamar mutum ba tare da an ji ta bakinsa ba? Ba zai yi minti biyar a gaban alƙali ba. Ni da kaina na faɗa musu haka a ofis!"

Ya faɗa, gaskiya ne. Ni ya faɗa wa, a ɗakin fayil, ina cin gyaɗa.

Bai sauko ba sai da ya kwatanta musu inda kotun ma'aikata take a Ikoyi, da inda za su sauka in motar haya ta danfo suka hau. Daidai nan Mista Udofia ya dawo, duk jikinsa fulawa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon lauyan kamfani a kan benci, ma'aikata na kiran sunansa. Littattafai kam kowa ya ɗauki nasa, amma takardar sa hannu yadda muka kawo ta haka muka mayar da ita.

A mota Barista ya kishingiɗa ya ce, "Baba Fayil, ka ga yadda ake riƙe taro?"

"Na gani, Barista."

"Baiwa ce. Ba a koyar da ita a makaranta."

Kwana goma ba abin da ya biyo baya. Madam tana Abuja wajen wata doguwar shari'a. Mista Udofia kuma ya ja bakinsa ya yi gum, don in aka tona, tambayar farko ita ce ina yake lokacin da abin ya faru. Barista ya rubuta rahoto mai shafi huɗu yana cewa an sami gagarumar fahimtar juna. Ni ma na yi shiru, ina addu'ar Allah ya sa takardar yaron nan ta fito kafin labari ya iso.

Saura kaɗan addu'ata ta karɓu. Ranar Juma'a, ranar ƙarshe ta gwajinsa, ni da hannuna na ajiye takardar a kan teburin Madam, sunansa a rubuce, sa hannu kawai ya rage. Ta ce za ta duba in ta sallami baƙonta. Baƙon kuwa Cif Oyenuga ne, mai gidan biskit da kansa, ya zo a kan maganar wani sabon reshe da zai buɗe.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka fara jin kalangu. A Victoria Island, ranar aiki, ba a saba jin kalangu ba. Muka leƙa ta taga. Danfo biyu ne a ƙofar bene, mutane na ta fitowa, wajen su arba'in, duk cikin anko. Masu gadi sun yi ƙoƙarin tare su, amma Iya Rofiat ta gaya musu godiya suka zo yi, kuma ba mai gadin da ya san yadda ake hana godiya. Lif ya yi sawu huɗu.

Sai da suka cika falon baƙi na ga atamfar da kyau. Shuɗiya ce, an buga fuskar Barista a cikin da'ira, a ƙirji, a baya, a ɗankwali, ko'ina ka duba shi ne yana murmushi. A ƙarƙashin kowace fuska an rubuta Garkuwar Ma'aikata. Ga kula biyu na shinkafa dafa-duka. Ga makaɗa uku suna kiran sunansa da na kakanninsa, waɗanda ban san inda suka samo su ba.

Mai hankali da ya ɓuya a banɗaki. Barista fitowa ya yi hannuwa a sama. Lauyoyi saba'in da wani abu sun fito daga ofisoshinsu suna kallo, waɗanda ko sunansa ba su riƙe ba, yau ga shi ana kaɗa musu shi da kalangu. Ya ɗan taka rawa da kafaɗa, ya ɗaga hannu aka sassauta kiɗa.

"'Yan uwana ma'aikata! Ban yi don a gode mini ba. Amma tarihi yakan zaɓi mutum ɗaya a kowane zamani, ya ɗora masa..."

Ƙofar Madam ta buɗe. Ta fito, Cif Oyenuga na biye da ita, babbar rigarsa na jan ƙasa. Ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Iya Rofiat? Ke ce? To wa ke kan tanderu na uku?"

Ta durƙusa har ƙasa cikin ladabi. "Barka da hantsi, Baba. Hutun shekara muke. Barista ya ce haƙƙinmu ne, shi ne muka ce bari mu ɗanɗana mu ji yadda yake."

Sannan ta juya wajen Madam da fara'arta. "Ke ce uwar ɗakinsa? Allah ya yi miki albarka, kin iya tarbiyya! Ba ki ga abin da yaronki ya yi mana ba ko? Tsaya ki gani." Ta zaro waya daga ɗaurin zani, ta latsa, ta kai har gaban fuskar Madam. Cikin ikon Allah daidai shafi na goma sha bakwai ta buɗo. Muryar Barista ta cika falon, tana cewa ba zai yi minti biyar a gaban alƙali ba. Madam ce ta rubuta shafi na goma sha bakwai.

Ta kalla har ƙarshe, ta mayar wa Iya Rofiat wayarta, ta ce ta gode. Ta roƙi Cif ya koma ciki ya zauna, ga ta nan zuwa. Ya koma yana magana shi kaɗai. Sannan ta dubi Morakinyo, wanda har lokacin hannunsa ɗaya na sama, ya manta bai sauke ba.

"Dokar da ka faɗa musu daidai ce?"

"Daidai ce, Ma."

"Na sani. Lauyan wa aka tura ka ka zama?"

Ya buɗe baki. Karo na farko tun da na san shi, babu sashen da ya zo masa.

"Baba Fayil," ta ce, "takardar da ka ajiye mini da safe, mayar da ita inda ka ɗauko. Ka kawo mini ta ƙarin gwaji, wata shida. Yau nake so ya karɓa a rubuce, kafin ƙarfe biyar, kada a ce na yi shiru."

Ta shige ta rufe ƙofa a hankali.

Wallahi ya ba ni tausayi. Ya tsaya a tsakiyar fuskokinsa fiye da ɗari, duk suna murmushi ban da ta ainihin. Madam ba ta ɗaga murya ba, amma Iya Rofiat ta yi shekara shida tana sauraron magana a cikin ƙarar injuna. Ta ji komai.

"Wace takarda? Wane gwaji?" Ta dafe ƙirji. "Af! Barista, kai ma ɗan gwaji ne?"

Kalangu ya mutu. Mata suka kewaye shi suna wayyo, wayyo ɗan mutane. Wata ta fara yi masa fifita da gefen ɗankwalinta. Wata ta ce ai tun a Ikorodu ta ga alama, wuyansa ya yi siriri da yawa. Wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yi haƙuri, shi ma shekara huɗu ya yi a haka, ana sabawa.

Iya Rofiat ta ce a ba shi wuri ya sha iska. Ta sake kwance ɗaurin zaninta ta lalubo wani ɗan kati da ya sha naɗi.

"Share hawayenka, ɗana, ba a yi wa namu haka muna kallo. Bayan tafiyarka mun haɗu mun ɗauki lauya. Lauya na gaske, dattijo, a Yaba ofishinsa yake. Ga katinsa. Ka je ka ce Iya Rofiat ce ta turo ka. Yana da haƙuri da 'yan gwaji, zai yi maka bayanin haƙƙinka dalla-dalla yadda za ka gane."

Barista Sashe ya dubi katin. Ya waiga ya dubi ƙofar Madam. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya sunkuyo kusa da kunnenta, ya tambaye ta ko mutumin yana buɗewa ranar Asabar.